Keji huɗu kawai, kuma ɗaya a ciki babu kowa

Ranar Talatar da ta wuce wata mata ta kira ni wajen ƙarfe tara na dare, ina tsaye a kicin ina haɗa abincin da zan tafi da shi wajen aiki, tace wai an ba ta lambata an ce mata ni ce 'yar Najeriyar nan mai karɓar hamsta, tana da guda biyu yaranta sun gaji da su, ko za ta kawo min gobe da safe. Nace mata a'a. Ta ɗan yi shiru, inaga ba amsar da aka ce mata za ta samu ba kenan, sai ta ƙara da cewa ai ƙanana ne ba su da cin wuri. Nace na sani, amma ba zan iya ba. Da na ajiye wayar sai na lura ko ɗar ban ji ba, kuma wallahi shekara biyu baya da tuni na ce kawo su kawai Allah zai rufa asiri.

Bari in fara da bayanin dabbar tukunna don na san wasu za su ce wai meye hamsta kuma. Wata 'yar halitta ce dangin ɓera, gajeriya mai kumatu, wutsiyarta ɗan guntu ne kamar an datse. Ba ɓeran Masar ba ne, shi ɓeran Masar ya fi ta girma sosai kuma yana son zama cikin 'yan uwansa. In kin san gafiya toh kin san rabin labarin, don ita ma hamsta jaka gare ta a kumatu hagu da dama har zuwa kafaɗa, za ta yi ta cusa abinci sai fuskar ta ninka biyu sannan ta ruga ta juye a rumbunta. Da rana barci, da dare hidima. Akwai babba da ake cewa ta Siriya, ita ce aka fi ajiyewa a gidaje, sai ƙananan irin su Roborovski da ba su wuce babban yatsa da kaɗan ba kuma gudu kamar walƙiya. A nan Ingila ita ce dabbar da ake fara saya wa yaro, saboda tana da arha kuma ana ganin ba ta da wahala. Arhar gaskiya ce. Rashin wahalar kam ƙarya ce tsagwaronta.

Mu a Leeds muke, gidan haya mai ɗaki biyu da falo, ni da Abban Ummi da yara biyu. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, kwana huɗu a sati wani lokacin biyar. Ban taɓa tunanin ajiye wata dabba a ƙasar nan ba, ni da na tashi a Zariya inda kiwo yana nufin akuya da kaji da tattabarun yayyena a saman ɗaki, abin da in salla ta zo ko baƙo ya sauka za a ci amfaninsa.

A watan Nuwamba na 2021 maƙwabciyarmu ta tashi, sabon gidan da ta samu an ce ba a yarda da dabba ba, sai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ɗauke da wani ɗan keji mai kala-kala da bututun roba kamar kayan wasan yara, tace don Allah mu riƙe mata na sati biyu. Har yau sati biyun ba su cika ba. Ummi ce ta raɗa mata suna Gyaɗa saboda kalar jikinta. Kwana tara da zuwanta na dawo daga aiki da asuba naji wani ɗan ƙara tsiii tsiii daga cikin kejin, na leƙa, sai ga wasu jajayen abubuwa tsirara babu gashi babu ido suna motsi a ƙarƙashinta. Takwas. Ashe a shagon da aka saye ta ba a raba maza da mata ba, kuma cikin hamstar Siriya kwana 16 ne kacal, kin ji fa, kwana 16, ko kaza sai ta yi 21 a kan ƙwai.

Allah ya taimake ni na yi bincike kafin in sa hannu, don an ce in ka taɓa jariran ko ka dami uwar a satin farko tana iya cinye su. Muka rufe kejin da zani muka hana yara zuwa wajen, ina zuba mata dafaffen ƙwai da ɗan kokwamba in janye. Ɗaya bai yi rai ba, bakwai suka tashi. Wajen sati biyu idonsu ya buɗe suka fara yawo kamar 'yan maye, abin sha'awa wallahi, har Abban Ummi da yake cewa shi ba ruwansa da ɓeraye na kama shi yana musu bidiyo.

Na karanta cewa a sati huɗu dole a raba maza da mata in ba haka ba su ma za su fara haihuwa, na raba. Na kuma karanta cewa daga baya kowa sai an ba shi gidansa shi kaɗai, wannan ne ban ɗauka da muhimmanci ba. A raina nace haba, uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya suka sha, tare suke kwana a cure waje guda, turawa ne dai da son raba komai, su da yaro ɗan wata shida ma sai a ba shi ɗakinsa. Mu goma sha ɗaya muka tashi a gidanmu ban da 'yan riƙo, ɗaki ɗaya mu shida mata, waye ya mutu? Sai na bar mazan huɗu a babbar roba ɗaya.

Suna da sati bakwai wani dare ina hutu naji ihu, ban san ƙaramar dabba haka tana da irin wannan muryar ba. Na kunna fitila na tarar da biyu sun dunƙule kamar ƙwallo suna birgima, jini a jikin robar, na sa hannu in raba ɗaya ya kafa min haƙori a yatsa sai da na ga taurari. Wanda muke kira Dankali kunnensa ya yage, bayansa duk cizo. Da safe na kai shi wajen likitan dabbobi, ta wanke ciwon ta ba da magani na biya kuɗin da ya ninka kuɗin sayen hamsta sau huɗu, sannan ta zaunar da ni tace min wannan dabbar a daji ma ita kaɗai take zama a raminta, namiji da mace ba sa haɗuwa sai don barbara, suna gamawa macen za ta kore shi, in ya tsaya ta illata shi. Tace kaɗaici ba ya damun su, abin da ke damun su shi ne wani ya shigo musu.

Abin ya tsaya min a rai har na koma na karanta asalinsu. Ashe daga wajen Halab suke, a arewacin Siriya, cikin gonakin alkama. A 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni daga jami'a a Kudus ya je da mutane suka haƙa rami mai zurfi a wata gona suka fito da uwa da 'ya'yanta, don ana son su a binciken wata cuta, kuma daga 'yan kaɗan ɗin da suka rayu cikin wannan haihuwar ne akasarin hamstar Siriya da ke gidajen mutane a duniya suka fito. Wato Gyaɗa da ke falona a Leeds jikar jikar jikar wata ce da aka tono a gonar alkama. Shekara kusan ɗari a keji amma halin bai canza ba, kowa raminsa.

Toh nan lissafi ya fara canzawa. Hamsta takwas yana nufin gida takwas. Kuma ba irin ɗan kejin nan mai kala-kala ba, masu ceton dabbobi a nan mafi ƙarancin da suke cewa shi ne santimita 100 a tsawo 50 a faɗi, da shimfiɗar yagaggiyar takarda mai zurfi sosai yadda za ta iya haƙa rami ta ɓace a ciki, da tayar gudu mai faɗin kamar santimita 28 don in ta yi ƙarama bayanta lanƙwashewa yake, da ɗan kwanon yashi na wanka don ba a musu wanka da ruwa, da abin gwaguya saboda haƙoransu ba sa daina tsiro har su mutu. Gyaɗa da take ta cizon ƙarfen kejinta duk dare ina cewa ƙiriniya ce, ashe ƙunci ne. Ranar da na mayar da ita babban wuri ta daina.

Daidai lokacin ne, Janairun 2022, ƙanena ya turo min labarin Hong Kong a WhatsApp, inda hukuma ta ce a kashe hamsta wajen 2,000 saboda an samu korona a jikin wasu a wani shago, ya rubuta a ƙasa wai Yaya ki yi hattara da ɓerayenki. Shi kuma ya kai wa Hajiya rahoto. Hajiya ta kira tace, ke yanzu duk karatun da kika yi da kuɗin jirgin da aka kashe, kiwon ɓera kika je yi Ingila? Mu nan muna sayen maganin kashe su ke kina saya musu gado? Nace Hajiya ba ɓera ba ne. Tace ana ci? Nace a'a. Tace yana ƙwai? Nace a'a. Tace toh Allah ya shirya.

Na samar wa huɗu gidaje, wajen mutanen da na tabbatar sun tanadi wuri mai kyau, saura huɗu a hannuna, Gyaɗa da Dankali da Alkaki da Ƙuli. Da a nan na tsaya da shikenan. Amma kin san yadda magana take yawo, an ji cewa akwai wata mata da ta iya da su. Wata ɗaliba da ta gama karatu za ta koma ƙasarsu ta kawo min 'yan Roborovski biyu. Abokiyar aikina ta kawo na jikanta. Wani iyali suka kawo uku a kwali ɗaya, su ma irin tawa ce ta same su, an sayi ɗaya an wayi gari da tara. Na ƙarshen Abban Ummi ne da kansa ya tsinto shi a gefen bola da kejinsa da komai, cikin ruwan sama, an ajiye shi kamar tsohuwar kujera. Lokacin kulle na korona mutane sun sayi dabbobi don yara su samu abin yi, da aka buɗe makarantu aka koma aiki sai abin ya zama kaya. Kafin in ankara, watan Yuli na 2022, goma sha ɗaya gare ni.

Kuma ko sau ɗaya ban zauna na yanke shawarar in ajiye goma sha ɗaya ba, abin da nake so a gane kenan. Kullum ɗaya ne kawai. Ɗaya a kan huɗu ai ba komai, ɗaya a kan bakwai ai ba komai. Duk wanda ya zo da labarinsa yake zuwa, kuma labarin gaskiya ne, kuma in ka ce a'a kana ganin kamar kai ne ka mayar da shi gefen bolar. Ga tarbiyyar da muka taso da ita, a gidanmu ba a ƙirga baƙo, in mutum ya yi sallama da magariba ƙara ruwa ake a miya, Hajiya takan ce ɗaki ba ya kaɗan sai dai zuciya ta yi kaɗan. Na ɗauko wannan na ɗora a kan dabbar da ita a duniyarta baƙo abokin gaba ne.

Falonmu ya koma kamar sito. Manyan robobin ajiye kaya da na huda murfinsu na sa waya, an jera wasu kan wasu, biyu a ƙarƙashin teburin cin abinci, ɗaya a kan firji ƙarami, uku a koridon da in za ka shiga banɗaki sai ka bi a karkace. Inda Abban Ummi yake shimfiɗa dadduma ma sai da aka matsa masa. Da dare tayoyi goma sha ɗaya suna juyawa, in kin ji sai ki ce injin markaɗe ne a unguwa. Matan kuma duk kwana huɗu suke neman namiji, ranar wani irin wari suke yi mai kauri, ga maza a ɗaki ɗaya suna shaƙa suna haukacewa. Baƙi suka rage zuwa. Wata ƙawata ta zo da surukarta, tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa tace ita a nan ma ya isa a gaisa.

Sai zafin nan ya zo, 19 ga Yuli 2022, ranar da aka fara auna sama da digiri 40 a tarihin Ingila. Na san 'yan Sakkwato da Maiduguri za su yi dariya, amma gidajen nan an gina su ne don su riƙe zafi, ba fanka ba AC, taga ma rabi take buɗewa. Hamsta kuma ba ta jure zafi, wajen digiri 20 take so, in ya yi yawa sai ki gan ta ta baje a ƙasa kamar an taka ta. Na kwana biyu ban runtsa ba, ina daskarar da gorunan ruwa ina naɗewa a safa ina sa wa kowa, ina sanyaya kofunan tangaran a firji don su shiga ciki su kwanta, firizarmu ɗan ƙarami ba ya ɗaukar gora goma sha ɗaya lokaci ɗaya sai da na fitar da naman miya. Duk suka tsallake, na ji kamar na ci jarrabawa.

Sati biyu bayan nan na ɗauki Dankali naji shi kamar takarda. Ƙashi kawai. Na duba bakinsa, haƙorin ƙasa ɗaya ya karye na saman ya yi tsawo ya lanƙwashe ya shiga cikin dasashi, ya kasa cin abinci. Kwanon abincinsa kullum ina ganin babu komai ina ƙarawa, ashe kwashewa yake ya kai rumbu ya ajiye amma ba ya iya taunawa. Na tsaya ina lissafi yaushe rabon da in riƙe shi a hannu in dube shi da kyau, sai na ga ya kai kwana tara. Aiki kwana biyar a jere, in dawo in zuba abinci in canza ruwa in faɗi barci, su kuma lokacin da suke farke ina wajen aiki, lokacin da nake gida suna cikin rami. Irin waɗannan ƙananan dabbobin ɓoye ciwo suke har sai ya ci ƙarfinsu. Likita ta datse haƙorin, na yi ta ba shi abincin jarirai da sirinji, kwana uku ya mutu a cikin tafin hannun Ummi.

Likitar ba ta ce min komai ba, tambaya ɗaya kawai ta yi, nawa gare ki a gida yanzu? Da na faɗa mata ta ce uhm ta rubuta wani abu. Wannan uhm ɗin ya fi min zagi ciwo.

Akwai hadisin nan da duk muka sani tun muna Islamiyya, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Da nake karɓar dabbobin nan ɗayan hadisin nake tunawa, na mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa, cewa akwai lada a kan duk mai rai. Daren da Dankali ya mutu na farkon ne ya hana ni barci. Ni na rufe shi a roba, ba shi da kowa sai ni, ba zai iya fita ya nemi wani ba. Ko dokar ƙasar nan ta 2006 kan walwalar dabbobi abin da ta ce kenan, wanda dabba take hannunsa shi ke da alhakin wurin zamanta da abincinta da lafiyarta, har da ko za a haɗa ta da wasu ko a ware ta gwargwadon halittarta. Ba a tambayar ka ko niyyarka mai kyau ce lokacin da ka karɓa.

Abban Ummi bai yi min faɗa ba, mutumin nan yana da haƙuri. Ranar Asabar bayan yara sun kwanta ya ɗauko tef ɗin awo da biro da bayan ambulan ɗin kuɗin wuta yace, Maman Ummi zo mu yi lissafi, ba nawa zuciyarki za ta ɗauka ba, nawa gidan nan zai ɗauka. Muka auna bangon falo ɗaya da ba hita a jikinsa kuma rana ba ta dukansa kai tsaye, mita biyu da ɗan ƙari. Keji biyu a ƙasa biyu a kan kanta mai ƙarfi, huɗu kenan masu cikakken girma. Duk abin da ya wuce haka sai dai a rage wa wani fili ko a tura shi korido inda sanyi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, su kuma in sanyi ya yi yawa wani irin dogon suma suke yi har mutane su ɗauka sun mutu.

Kuɗi ma muka duba. Abinci ba shi ne matsala ba, cokali ɗaya ne a rana. Shimfiɗa ce mai cin kuɗi, sai likita. Ganin likita sau ɗaya fam arba'in da wani abu nake biya kafin magani, kuma ba kowane asibitin dabbobi ne ya iya da su ba sai na shiga bas biyu. Ya tambaye ni, in uku suka kwanta a wata ɗaya, watan da za mu tura kuɗin makarantar ƙannenki gida, wa za a fasa? Ban amsa ba don na san amsar, kuma na san ba zan so kaina ba in na fasa ko wanne. Ga zawon nan da ke kama ƙananansu wanda yake jiƙa musu gindi, cikin kwana biyu yake kisa kuma yana yaɗuwa, shi ya sa duk sabon zuwa ya kamata a ware shi sati biyu a wani ɗakin daban. Ni ina zan ware? A kan gadonmu?

Amma abin da ya fi kama ni lissafin lokaci ne. Nace bari in gwada, in ɗauki kowanne in duba ido da haƙori da gindi da ƙafa, in shafa jikinsa ko akwai ƙari, in kwashe inda ya yi fitsari, in bar shi ya ɗan zaga. Minti goma sha biyar ne in ban yi sauri ba. Sau goma awa biyu da rabi kenan kullum, ni da nake fita ƙarfe tara da rabi su kuma ba sa tashi sai wajen takwas. Ƙarya nake wa kaina kawai. Awa ɗaya nake da ita tsakani da Allah, awa ɗaya kuma huɗu ce.

Sai maganar tafiya gida. Duk shekara biyu muke zuwa Zariya mu yi wata guda a dogon hutu. Wa zai karɓi roba goma? Huɗu kam akwai mata biyu da muke musanya da su, kowa ta ɗauki biyu. Da kuma abin da ban taɓa sawa a lissafi ba sai da Ummi ta tambaye ni, Mama duka haka za su mutu? Hamsta shekara biyu zuwa uku take yi. Duk wanda ya karɓi goma sha ɗaya ya karɓi mutuwa goma sha ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma yarinya 'yar shekara tara ce za ta yi ta kuka a kan kowacce. Lokacin da Gyaɗa ta tafi sai da ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Duk hanyar da muka bi huɗu take kawo mu. Ni kuma na ƙara sharaɗi ɗaya, uku ne na zama, na huɗun a bar shi babu kowa, a wanke a shirye, don irin wanda aka tsinta a gefen bola, wanda in ba a karɓe shi a daren ba ba zai kai safe ba. In ya warke a samar masa gida kejin ya koma yadda yake. Abin da na lura shi ne in duk kejin a cike suke da waɗanda masu su suka gaji da su kawai, ranar da mai buƙatar gaske ya zo ba ka da inda za ka sa shi.

Saukowa daga goma zuwa uku ya ɗauke ni kusan shekara. Ban jefar da kowa ba, ban kuma ba duk wanda ya miƙo hannu ba, sai na ga hoton kejin tukunna, in na ga mai bututun nan nace a'a sai an canza. Wata ƙungiyar masu ceton ƙananan dabbobi ta karɓi uku bayan na yi wata biyu a layin jira, su ma a cike suke maƙil. Wasu tsufa ya ɗauke su. Kuma na fi karɓar tsofaffi yanzu in gurbi ya samu, waɗanda suka haura shekara ɗaya da rabi, don kowa jariri yake so, tsoho ba mai kallonsa, ni kuma dama aikina kenan dare da rana, kula da tsofaffi.

Masu kira har yanzu suna kira. Ba na rufe waya a kunnen mutum, nakan tambaya me ya faru, sau da yawa za ka ji wai yana cizo ko yana hana su barci, in na tambayi girman kejin sai in gane matsalar, in ce ku sayi babbar roba ku zuba takarda mai zurfi ku canza taya ku daina tashinsa da rana, ku kira ni bayan sati biyu. Da yawa ba sa sake kira, wasu kuma su turo hoto suna godiya. Matar ranar Talata ma haka muka yi, ashe biyun nata 'yan Siriya ne a keji ɗaya sun fara faɗa shi ya sa yaran suka tsorata. Nace ta raba su a daren kafin ta kwanta, ko a bokiti mai zurfi ne ta sa ɗaya, na ba ta aron wata tsohuwar roba da taya cikin waɗanda suka rage min, mijinta ya zo ya ɗauka da safe.

Jiya da muna bidiyo da Hajiya, Auta ya juya wayar ya nuna mata Tsohuwa, wadda na karɓa watan jiya, ido ɗaya gare ta kuma gashin bayanta ya fara zubewa. Tana zaune ta riƙe ƙwayar kabewa da hannu biyu tana cusawa a kumatu, ta cusa ta cusa har fuskar ta koma kamar buhu. Hajiya ta matso da fuskarta jikin waya ta daɗe tana kallo sannan tace, wannan ai gafiya ce aka yi wa wanka. Sai ta hango kejin da ke gefe tace wancan fa ina mai shi, ya mutu ne? Nace a'a Hajiya, na baƙo ne. Tace toh, ki dai riƙa wanke hannu kafin ki taɓa min abincin jikoki.